FILIN MAKARANTA A FAGGE DA SABON GARI: AMANA KO GANIMA?

Duk wanda ya san Fagge da Sabon Gari ya san cewa a wannan yanki babu abin da ya kai ƙasa tsada. Daga Kantin Kwari zuwa Singa, daga Singa zuwa kasuwar Sabon Gari, kowane taku na ƙasa kuɗi ne, kuma kowane lungu akwai mai ido a kansa. Ƙaramar hukumar Fagge, wadda Sabon Gari ke cikinta, faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 21 ba, amma a ƙidayar 2006 an samu mutum kusan dubu 200 a cikinta, ban da ɗimbin jama'ar da ke kwararowa kullum safiya don neman abinci. A wuri irin wannan, fili mai faɗi da ya rage a buɗe ba ya wuce iri uku: na masallaci, na maƙabarta, sai na makaranta. Masallaci yana da masu tsaya masa, maƙabarta ana jin tsoronta ko yaya ne, amma makarantar gwamnati marainiya ce. Shi ya sa duk lokacin da 'yan kashe-mu-raba suka zauna lissafi, a kanta idonsu ke fara sauka.

A ƙarshen shekarar 2024 mutanen Sabon Gari suka wayi gari ana rushe makarantar sakandaren 'yan mata ta Maikwatashi, tsohuwar makarantar da iyaye da yawa suka yi karatu a cikinta kafin 'ya'yansu. Aka ce an mayar da ɗaliban Ƙaura Goje, can cikin ƙaramar hukumar Nassarawa. Hujjar hukuma ita ce wurin bai dace da karatu ba kuma. Iyaye da mazauna unguwar kuwa suka yi ta kuka suna cewa ba a shawarce su ba, sabon wurin ya yi wa yaransu nisa, kuma suna zargin yanka filin za a yi a sayar wa masu hali.

Abin da ya ƙara wa jama'a mamaki shi ne lokacin da abin ya faru. A watan Maris na 2023, tun kafin a rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, ya sa aka fitar da gargaɗi ga masu gini a filayen makarantu da asibitoci da maƙabartu da wuraren ibada da gefen badala cewa su dakata. A watan Yunin wannan shekara aka shiga rusau, aka ture gine-ginen da aka ce gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sayar da filayensu ba bisa ƙa'ida ba, a Filin Sukuwa da tsohon Otal ɗin Daula da Filin Idi. A watan Yuni na 2024 kuma aka kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi, inda gwamnan da bakinsa ya ce yara miliyan 4.7 a ƙasa suke zama a makarantun jihar. To, jihar da ke cikin wannan hali, wace makaranta gare ta ta zubarwa? Wanda ke kukan targaɗe ai ba ya neman karaya.

ASALIN CIWON

Wannan rigima ta inda za a ajiye makaranta ba yau ta fara a Kano ba. Turawan mulkin mallaka sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Da suka tashi kafa makarantar boko ta farko a 1909, ƙarƙashin Hanns Vischer wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, a Nassarawa suka ajiye ta, bayan ganuwa, kusa da inda suke zaune, kuma 'ya'yan sarakuna da malamai aka fi nema, domin ma'aikatan da za su riƙe musu mulki suke so. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai aka yanka Sabon Gari wajen 1913 don baƙin da suka biyo dogo daga Kudu da wasu ƙasashen, aka ɗauki shekaru yana ƙarƙashin majistare Bature, ba ƙarƙashin sarki ba. An hana 'yan mishan kafa makarantu a cikin birni, sai makarantunsu da na ƙungiyoyin ƙabilu suka taru a Sabon Gari da kewayensa. Fagge kuwa, tsohon zangon fatake, ya tsaya tsakanin birni da Sabon Gari yana kallon kowa.

Ma'anar wannan ita ce, tun ranar farko ba buƙatar yaro ce ta zaɓi inda makaranta za ta zauna ba. Lissafin mai mulki ne ya zaɓa. Bayan yaƙin basasa gwamnati ta karɓe makarantun mishan da na ƙungiyoyi, suka koma na hukuma, suka zama na kowa da kowa. Filayen nan masu faɗi da ake gani a tsakiyar Sabon Gari ragowar wancan zamani ne, lokacin da ƙasa ba ta yi tsada ba. In aka rasa ɗaya a yau, an rasa shi ke nan har abada, domin babu gwamnatin da za ta sayi gidaje ashirin a Sabon Gari ta rushe don ta yi wa 'ya'yan talakawa filin wasa.

DOKAR DA TA DAMƘA ƘASA A HANNUN MUTUM ƊAYA

A shekarar 1910 Turawa suka yi dokar da ta sa dukkan ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna. Gwamnatin Jihar Arewa ta sake ɗinka ta a 1962. A watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamnan jihar ne a matsayin amana ga 'yan Nijeriya. Aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki don kada a iya taɓa ta cikin sauƙi. Riga ɗaya ce tun ta Nasara, masu sawa ne kawai ke canzawa.

Dokar ta ba gwamna ikon ba da shaidar mallakar fili a birni, ta kuma ba shi ikon soke ta saboda maslahar jama'a, kuma gina makaranta yana cikin abubuwan da ta lissafa a matsayin maslahar jama'a. Ashe ke nan doka ta ba da damar a karɓi filin attajiri a biya shi diyya a gina wa yara aji. Sau nawa mutanen Fagge suka ga an yi haka? Abin da ido ya saba gani shi ne akasinsa: a gutsuri gefen makaranta a yi shaguna, a jingina rumfuna da katanga, a toshe tagogin aji da bayan kanti, har yara su riƙa karatu cikin ƙarar janareta. Ko harabar Masallacin Juma'a na Fagge ba ta tsira daga irin wannan cece-kuce na shaguna ba. An kira abu amana, amma an bar mai riƙon shi kaɗai da mabuɗi, babu mai ƙirga masa. Kura ce aka ba ajiyar nama.

WA KOTU KE JI?

Shari'ar Filin Idi na Ƙofar Mata darasi ce ga duk mai hankali. 'Yan kasuwar da aka rushe wa shaguna a wurin a 2023 sun haɗa kai, suka ɗauki lauyoyi, suka tafi Babbar Kotun Tarayya da ke Kano. A watan Satumba na wannan shekara Mai Shari'a Simon Amobeda ya yanke hukuncin gwamnatin jihar ta biya su diyyar naira biliyan 30. Da biya ya yi wuya aka koma wata kotun a Abuja, daga ƙarshe a watan Disamba aka sasanta a kan naira biliyan 3.

Babu mai adalcin da zai ce a rushe wa ɗan kasuwa dukiyarsa cikin dare ba sanarwa, alhali da kuɗinsa ya saya kuma hukuma ce ta ba shi takarda. Wannan zalunci ne ko wa aka yi wa. Amma a duba inda asarar ta sauka. Wanda ya sayar da filin jama'a bai biya ko kwabo daga aljihunsa ba. Wanda ya rushe shi ma bai biya ba. Daga baitulmali kuɗin ke fita, wato daga kuɗin bencin yaran nan miliyan 4.7 da gwamna ya ce a 2024 suna zaune a ƙasa. An ci talaka ranar sayarwa, an sake cin sa ranar rushewa, an ci shi karo na uku ranar biyan diyya.

Sannan a duba wanda ya iya kai kukansa gaban alƙali. Mai shago yana da takarda, yana da rasit, yana da ƙungiya, yana da kuɗin lauya. Yarinyar da aka ɗauke wa makaranta daga ƙofar gidansu me take da shi? Ba ta da takardar mallaka, domin filin na gwamnati ne, gwamnatin kuma ita ce ta rushe. Ubanta ɗan dako ne a Singa ko mai gyaran takalmi a bakin kasuwa, in ya bar aiki yini ɗaya ya tafi kotu gidansa ba a ɗora tukunya ba. Tsarin mulkin 1999 ya ambaci ilimi kyauta a sashe na 18, amma ya ajiye shi a babi na biyu, sannan sashe na 6 ya ce kotuna ba za su saurari ƙara a kan abin da ke cikin wannan babi ba. An ba da abu da hannun dama, an karɓe da hagu.

Duk da haka ƙofar ba a kulle take gaba ɗaya ba, kuma wajibi ne matasa su san wannan. A 2004 an yi dokar ilimin bai-ɗaya da ta wajabta wa gwamnati ba kowane yaro karatun shekara 9 kyauta. A 2010 kotun ECOWAS, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, ta tabbatar da cewa ilimi haƙƙi ne da ɗan Nijeriya zai iya nema a gaban kotu. A 2017 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a John Tsoho, ta yanke cewa karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta haƙƙi ne da za a iya tilasta wa gwamnati ta bayar. Ita ma jihar Kano ta shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019. Duk waɗannan suna nan a rubuce. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu ɗauka su yi aiki da su saboda raunana.

ABIN DA MUSULUNCI YA TANADA

Musulunci bai bar wannan babi a buɗe ba. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya isa Madina, filin da aka gina masallacinsa na wasu marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu. Sun so su bayar kyauta, bai karɓa ba sai da aka biya su. A jikin masallacin nan aka yi Suffa, inda matalautan Sahabbai ke kwana suna karatu, a tsakiyar gari, inda kowa zai iya zuwa da ƙafarsa. Bayan yaƙin Badar, fursunan da ba shi da kuɗin fansa amma ya iya rubutu, an karɓi koyar da yara goma a madadin fansarsa. Darasi biyu ke nan a wuri ɗaya: ba a ƙwace haƙƙin mai rauni don a yi aikin alheri, kuma ilimin yara ya fi dukiyar da za ta shiga baitulmali daraja.

Sayyidina Umar (RA) ya samu gona a Khaibar, ya mayar da ita hubusi bisa shawarar Manzon Allah (SAW), da sharaɗin ba a sayar da asalinta, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa. A kan wannan ginshiƙi makarantun duniyar Musulmi suka tsaya shekaru aru-aru. Masallacin Ƙairawiyyin na birnin Fas a Maroko, wanda Faɗimatu al-Fihriyya ta gina a shekarar 859, har yau yana nan inda ta ajiye shi, a tsakiyar kasuwanni, kuma babu sarkin da ya iya yanka shi ya yi kantuna.

A ƙasar Hausa ma haka abin yake. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum a kan hukuncin ƙasa, Ta'alimur Radi, kuma a nan Kano ya rubuta Liya'ul Hukkam don shiryar da masu mulki. Kakanni sun san hurumi: makiyaya da burtali da mashaya da maƙabarta da filin idi, wuraren da sarki ke tsarewa amma ba shi da ikon sayarwa. Ƙa'idar malamai a nan a fili take, cewa duk abin da shugaba zai yi da dukiyar jama'a a ɗaure yake da maslaharsu. Filin makaranta hurumin wannan zamani ne. Wanda ya sa hannu a kansa don ya azurta kansa ko yaransa na siyasa ya ci amana, ko da takardarsa ta cika sharuɗɗan ofis.

Wani zai ce, ai wani lokaci ɗauke makaranta shi ne alheri, in ginin ya ruɓe ko unguwar ta cika da hayaniya da mashaya. Gaskiya ne hakan na iya faruwa, kuma malaman fiƙihu sun yi magana a kan musanya hubusin da amfaninsa ya yanke da wanda ya fi shi. Amma da sharuɗɗa. A fara gina sabuwar kafin a taɓa tsohuwar. A gina ta inda yaran da aka yi ta farkon dominsu za su iya zuwa. A zauna da iyaye a ji ta bakinsu. A bayyana wa jama'a abin da za a yi da tsohon filin, kuma ya ci gaba da zama na jama'a. In gini ne ya lalace, gyara ake yi. In shara ce ta taru, kwashewa ake yi. In 'yan shaye-shaye ne suka mamaye wurin, su ya kamata a kora, don me za a kori ɗalibai a bar su?

Nisa kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga 'ya mace. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin Adaidaita Sahu ya tashi. Uban da ke da 'ya'ya mata uku, in sai ya biya musu kuɗin zuwa da dawowa kullum, ba a daɗewa zai zaɓi ɗaya ta ci gaba, biyu su zauna. Wadda ta zauna, gobe ita ce a bakin kasuwa da farantin talla a ka. Babu takardar da za ta nuna cewa an kore ta daga makaranta, amma an kore ta.

JAN HANKALI GA MATASA

Akwai tarko biyu da aka saba kama matasa da su a irin wannan lamari. Na farko shi ne a juya maganar ta koma ta ƙabila ko ta addini, don kawai an ambaci Sabon Gari. Wannan yanki ya sha wuta a Mayun 1953, ya sha a Oktoban 1982 kan rigimar ginin coci a Fagge, ya sake sha a Oktoban 1991. A duk waɗannan, gawarwakin talakawa aka kwasa, rumfunan talakawa suka ƙone, manya kuwa suna gidajensu a Nassarawa da Bompai. Makarantar gwamnati a Sabon Gari 'yar Bahaushe da 'yar Ibo da 'yar Bayarabe ke zama a benci ɗaya a cikinta, kuma duk 'ya'yan marasa kuɗin makarantar kuɗi ne. Musulunci ya wajabta tsaya wa wanda aka zalunta ba tare da an tambayi sunan kakansa ba.

Tarko na biyu shi ne na siyasar jam'iyya. Idan gwamnan wancan ɓangare ya sayar, sai 'yan wannan ɓangare su yi ihu. Idan nasu ya yi, sai su kawo uzuri. A lokacin rusau na 2023 an ga matasa suna bin bayan katafila suna wawar rodi da ƙofofi da kwanon rufi suna kiran abin ganima, har wasu suka rasa rayukansu a ƙarƙashin ɓaraguzai. Kayan da mai shi bai yafe ba haram ne, ko gwamna ne ya ture ginin. Matashin da aka sayar da filin makarantarsa yana yaro, yau ya girma yana tsintar rodi a kango, shi ne cikakkiyar shaidar abin da wannan tsari ke haifarwa.

Aikin da ke gaban 'yan'uwa matasa aiki ne na haƙuri da tsari. Kowace unguwa a Fagge da Sabon Gari ta samu waɗanda za su ƙirga makarantun gwamnati da ke cikinta, su san iyakar kowane fili, su tambayi dattawan da suka san inda katanga take a da, su rubuta su ajiye. Masu ƙanne da 'ya'ya su shiga ƙungiyar iyaye da malamai, su daina barin taron ga mutum biyar. A matsa wa hukumar ilimi ta sa a auna kowace makaranta, a fitar mata da shaidar mallaka da sunanta, a kewaye ta. Da zarar an ga masu awo ko an sauke bulo a gefen makaranta, a rubuta wa majalisar dokoki da hukumar tsara birni a ranar, da sa hannun iyaye da limamai da masu unguwa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma umarnin kotu na a dakata yana da amfani ne kafin katafila ta iso. 'Yan'uwan da Allah ya ba karatun lauya su fitar da zakkar iliminsu a nan.

Makarantun Islamiyya ma kada a manta da su. Da yawa suna zaune ne a gidan da wani bawan Allah ya bayar da baki kawai, ranar da ya rasu magada su zo da dillali. A rubuta hubusi tun mai bayarwa yana raye, da shaidu, a kai gaban alƙali, a sanar da Hukumar Zakka da Hubusi. Attajiran Kwari da Singa kuma su ji tsoron Allah: duk wanda aka kawo wa tallan fili ya bincika asalinsa, in na makaranta ne ya kauce, domin ba za a rasa mai saye ba ne ke ƙarfafa mai sayarwa. Wanda ya sayi gida ɗaya ya bayar a yi aji, ya ajiye abin da zai same shi a kabari.

Su kuma masu mulki, na jiya da na yau da masu jiran gobe, su tuna cewa wa'adinsu shekara huɗu ne ko takwas, amma akwai kotun da ba a ɗaga ƙara, ba a sasantawa a bayan fage, kuma a can yarinyar nan da ba ta da takarda za ta samu mai tsaya mata.

Allah ya tsare wa al'umma amanarta, ya ba raunana mafita, ya shiryi masu mulki, in ba masu shiryuwa ba ne ya yi wa bayinsa maganinsu. Wassalam.